Wanda Ya Girbe Gonar Kimba

An sauko daga masallacin Juma'a ke nan, Sufeto Barka bai ma kai ga zama ba, sai ga Salah ya faɗo ofis yana haki. Salah Balarabe ne mai shagon intanet a bakin unguwar Tayuri, irin shagon da 'yan Nijar ke kira siber. Ya ce an ɗauke masa akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, kuma fasfo tara ne a ciki.

Fasfunan ba nasa ba ne, na baƙi ne masu kwana goma-goma a ɗaki guda, waɗanda suka ga ajiya ta fi tsira a wurinsa. A shekarar nan ta 2010 duk allon da ke bakin titi taswirar Afirka ce a jiki, rediyo kuma kullum zancen 'yan'uwantaka yake. Amma baƙon da ya isa shingen bincike ba takarda, babu taswirar da za ta cece shi.

Barka haifaffen nan garin Sabha ne. Hausarsa a bakin kakarsa 'yar Agadas ya tsince ta, kasuwa ta ƙarasa masa sauran. Halinsa ɗaya da kowa ya sani shi ne ba ya yarda da maganar farko ta kowa, ko ta matarsa ce idan ta ce abinci ya kusa.

Kwamfuta shida ce a shagon, da fanka mai ƙara. A lokacin wani wasan gona ne ya kama mutanen unguwar kamar zazzaɓi. Mutum ya share fili ya yi shuka, ya jira 'yan sa'o'i ya girbe, ya kai injin niƙa, ya gasa burodi, ya aske tumaki ya saƙa bargo. Ba harbi ba gudu, sai kiɗa mai sanyi da carar zakara. Ƙarti da suka wuni suna ɗaukar bulo su ne ke zuwa da yamma su shayar da kabewar da ba wanda zai taɓa ci.

Barka ya fara da ƙofa. Ya juya kwaɗon a hannunsa, bai ga ko ƙarzanewa ba.

Mai tsaron shagon Kimba ne, mutumin Yamai mai shekara talatin da 'yan kai, yana tsaye a gefe yana sharce gumi.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da maigida Salah, shef."

"Ka kulle da za ka tafi masallaci?"

"Wallahi na kulle."

"To aljani ne ya buɗe?"

Kimba ya sake sharce gumi. Barka ya lura kwamfutar da ke kan teburinsa tana kunne, gona shimfiɗe a fuskarta. Salah ya ce ai gonar Kimba ce, kuma wasan yana rubuta lokacin da aka yi kowane aiki. Ya danna wani gefe ya karanta, sai muryarsa ta canja. An girbe alkamar gonar da ƙarfe biyu saura kwata, daidai lokacin da liman ke huɗuba.

Kimba ya rantse yana masallaci a sahun waje, amma bai iya kawo sunan mutum ɗaya da ya gan shi ba. Kafin la'asar yana bayan kanta.

Babban jami'in ofishin bai ga abin ɓata lokaci ba. Ya ce baƙo ne, makulli a hannunsa, gonarsa ma ta ba da shaida a kansa. Ranar Lahadi da safe akwai motar da ke kwashe waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa sunansa a ciki. Da Barka ya fito sai ya tarar da matar Kimba, Hindatou, zaune a inuwar katanga da kwanon abinci, ga tsohon ciki ga yarinya a hannu. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi masa, in an tafi da mijinta ita ina za ta haihu. Tambayar ta tsaya masa a rai.

Abin da ya dame shi kuwa ƙarami ne. Ɓarawon da ke sauri, me zai zaunar da shi yin girbi?

Asabar da safe ya sa aka fito da Kimba. Ya gaya masa maganar motar Lahadi ba ɓoye-ɓoye, sannan ya sake tambayarsa zancen kwaɗo. Wannan karon Kimba ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar Juma'a rataya kwaɗon kawai yake yi ba ya danna shi, don makullin yana yi masa gardama, kuma duk masu zuwa shagon sun san da haka. Tsoron Salah ne ya sa shi ƙarya.

"Alkamar fa?"

"Ba ta nuna ba sa'ad da na tahi. Na bar ta buɗe ne don in tarar da ita."

"Bayan alkama me kake shukawa?"

"Alkama. Ita ta fi kawo maki. Ni ban taɓa riƙe hauya ba, shef, lissahin maki kawai na sani."

Daga nan Barka ya koma shagon. Ya tarar da wani saurayi mai ƙirar ƙarfi yana zuba wa Salah ruwan masifa. Sunansa Yacouba, ɗaya daga cikin masu fasfo tara, kuma shi abin ya fi ƙona wa rai, don yau da yamma motarsa ta Tarabulus za ta tashi. Barka ya tambaye shi inda yake lokacin salla, ya ce yana tasha wajen direba. Ya tambaye shi abin da zai je yi Tarabulus, ya ce aikin gini. Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Ya daɗe da sanin ginin da samari ke tafiya yi a bakin teku: neman kwale-kwalen da zai tsallaka da su.

Ya ce masa ya zauna ya nuna masa gonar Kimba yadda aka bar ta jiya.

Yacouba ya buɗe. Ba alkama a ciki. Wanda ya girbe ya sake shuka filin tsaf, layin masara, layin wake, layin masara, layin wake, har ƙarshe. A kusurwa ɗaya ta gabas kuma an bar alkama 'yar kaɗan ba a taɓa ba, ta bushe a tsaye.

Hannun Yacouba ya tsaya cak.

"Ka san mai irin wannan shuka?"

"A'a."

"Ka tabbata?"

"Kowa na iya yin haka, shef."

Barka ya ce haka ne. Bai ƙara komai a kai ba, sai ma ya saki fuska ya ce wasan ya burge shi, a buɗe masa tasa gonar. Yacouba ya buɗe masa, ya zuba masa alkamar da ke nuna cikin awa huɗu. Da Barka zai fita sai ya umarci Salah ya tara masa duk masu wasan nan bayan la'asar, masu fasfo da waɗanda ba su da shi. Ya kuma sa ɗan sanda guda ya zauna da Yacouba, wai don ya taya shi hira.

Bayan la'asar mutum goma sha biyu suka taru, kowa na kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Hindatou ma ta zo ta raɓe a bakin ƙofa. Barka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani tela ya ce yana masallacin Hajara, wani direba ya ce barci ya ɗauke shi har salla ta wuce, aka yi 'yar dariya. Na ƙarshe dattijo ne siriri mai furfura a gemu, hannuwansa duk kanta. Sunansa Illia, mutumin karkarar Matamaye, yana aiki a wata gonar dabino a bayan gari. Kawun Yacouba ne, yayan uwarsa.

Illia ya ce jiya bai shigo gari ba sam, a gona suka yi salla. Wasan kuma, ya ce, shi bai iya shi sosai ba, yara ne ke danna masa.

Barka ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya ja kujera ya zauna gaban tasa gonar, alkama ta yi jawur, tsuntsaye sun fara sauka a kai. Ya kama dannawa nan da can, ya kira tunkiya maimakon lauje, ya buɗe gidan burodi, ya rufe. Tsuntsayen suka ƙaru. Ya ga dattijon yana mutsu-mutsu a kujerarsa kamar wanda cinnaka ta shiga wa wando.

"Baba Illia, taimake ni mana. Za su cinye min."

Illia bai jira a sake faɗa ba. Ya karɓa, kuma mutumin da ya ce bai iya ba ya share filin cikin ƙiftawar ido. Yana gamawa ya kama shuka, layin masara, layin wake. Ya tura kujera baya ya ce an gama.

"Ka manta can," in ji Barka, yana nuna kusurwar gabas.

"Ba mantuwa ba ce. Wannan ba a taɓa ta. A garinmu rabon masu kala ne, zawarawa da marayu."

"Ko a cikin kwamfuta?"

"Gona gona ce, ɗana."

Direban nan ya yi dariya ya ce ai kullum tsokanarsa suke yi, yana asarar maki saboda zawarawan da babu su. Dariyar ba ta samu mai kama masa ba. Barka ya juya kwamfutar Kimba ta fuskanci jama'a. Gonaki biyu suka tsaya gefe da gefe kamar an zana su da hannu ɗaya. Yacouba ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Na gane tun da safe," in ji shi a hankali. "Kawu, don me?"

Illia ya ce shi bai san zancen da ake ba. Barka bai ɗaga murya ba. Ya nuna masa Hindatou, ya ce gobe da safe za a sa mijinta a mota a kai shi iyaka, ita a bar ta nan da cikinta.

Dattijon ya waiwaya ya dube ta. A fili yake wannan labari bai kai masa ba.

"Gobe?"

"Da hantsi."

Illia ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce shi ya ɗauka. Ya san kwaɗon rataye yake, ya shigo ana huɗuba. Fasfo ɗaya yake nema, amma akwatin a kulle yake, shi ya sa ya ɗauke shi duka. Niyyarsa da zarar motar Tarabulus ta tashi ba Yacouba, ya mayar da shi inda ya same shi. Akwatin yana can binne a gindin dabino na uku daga rijiya.

"Alkamar fa? Me ya kai ka?"

"Ina hita na ga ta nuna, tsuntsaye na ci. Na ce wa kaina tahi, Illia, ba taka ba ce. Ƙafata ta ƙi. Shekara arba'in ina korar tsuntsayen jan-baki daga gero, ban iya wucewa in bar su ba."

Sannan ya juya ga Yacouba. Ya ce ɗansa Saley ma aikin gini ya ce zai je yi Tarabulus, yau shekara uku ko gawarsa ba a gani ba. Ya yi wa ƙanwarsa alkawari ba zai bari nata ya bi wannan hanya ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, yaron bai ji ba, shi kuma dabarar da ta rage masa ke nan.

Barka ya ji tausayinsa har cikin ransa, amma tausayi ba ya cikin abin da ake rubutawa a takardar ofis. Ya tura 'yan sanda biyu da Salah, kafin rana ta faɗi suka dawo da akwatin, ƙasa duk a jiki, fasfo tara cif. Ya aika a saki Kimba. Kowa a ɗakin ya san sunan da zai maye gurbinsa a motar Lahadi.

Illia ya roƙi Hindatou gafara. Ta dube shi ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Barka bai sa masa ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe zuwa motar 'yan sanda. Yacouba ya biyo su da fasfonsa a hannu. Can ƙasan titi motar Tarabulus ta fara ɗaura kaya, direba na ta danna oda.

"Kawu, gonarka fa? Waken zai nuna gobe."

Illia ya sa ƙafa ɗaya a cikin mota. "In kana nan, ka girbe. Ka dai san inda ba a taɓawa."

Aka rufe ƙofa, mota ta tashi. Barka na kallo ta madubi. Yacouba ya daɗe a tsaye a tsakiyar titi, oda na ta kiransa. Daga baya ya juya ya koma cikin shago, ya miƙa wa Salah fasfon ya ce a mayar masa cikin akwati.