Fure Mai Ɗaki Biyu

"Wilberth, ka kalle ni mana! Da kai nake, ba da ƙudan zumanka ba."

Ya ɗago a hankali daga kan kututturen amyar da yake buɗewa, yatsunsa duk zuma. Shekara huɗu da aurenmu, amma har yau in ya ɗago idanun nan nasa masu kama da na mai jin barci, sai in nemi rabin faɗan da na zo da shi in rasa. Abin yana ba ni haushi.

"Ina jin ki, Zumata."

"Ka riƙe zumarka yau! Likita ta ce ranar ashirin ga wata, saura kwana bakwai. Ka gaya wa Mama ko ba ka gaya mata ba?"

"Zan gaya mata..."

"Yaushe?"

"In an gama bikin gari."

"In an gama biki ka ce sai an cire masara, in an cire masara ka ce sai zuma ta yi! Wai tsoron uwarka kake ji, ko ni ce ba ka damu da ni ba?"

Ya goge hannunsa a wando, ya kamo nawa.

"Landy, rabin raina... kin san abin da wuƙar asibiti ta yi wa gidan nan."

Na sani.

Yayarsa Mireya ce aka shigar ɗakin tiyata wajen haihuwa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba ta fito da rai ba. Tun ranar surukata Mama Fermina ta durƙusa gaban hoton Budurwa Maryamu ta rantse cewa babu macen gidanta da za a sake sa wa wuƙa tana raye. Kuma ita ba kowa ba ce da za a ja da ita. Ita ce ungozomar garinmu. Rabin mutanen da ke zirga-zirga a dandali a hannunta suka faɗo, har da mai unguwa da ƙaton tumbinsa.

Ni kuwa ciki biyu na samu, duka na yi ɓari kafin wata huɗu.

Ko sau ɗaya Mama ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ma ta yi, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi. Kullum da safe, kafin a ɗora tukunya, sai ta shimfiɗa bargo a ƙasa, ta ɗuma mai a tafin hannunta, ta rufe ido ta hau tausar marata.

"Zamewa ta yi, 'yata," in ji ta. "Mahaifa yarinya ce mai yawo. Lallaɓa ta ake yi ta koma gida."

Ni da uwata ta rasu ina 'yar shekara shida, a ƙarƙashin hannun nan na fara sanin daɗin a ce mini 'yata. To ta yaya zan dubi idonta in ce hannunta bai isa ba?

Sati biyar kafin wannan faɗan namu muka ce mata za mu birnin Mérida sayen zare. Zaren mun saya, amma sai da muka fara biyawa asibiti aka yi mini hoton ciki. Likitar, Dakta Aké, 'yar gajera mai saurin magana, ta yagi takarda a littafinta, irin na lissafin nan mai ƙananan gidaje, ta ɗauki jan biro.

"Matso ki ga gidanki," ta ce. "Waɗannan biyun a gefe, kamar 'ya'yan goba, nan ƙwai yake. Waɗannan hannuwan da suka miƙo su ne hanyoyin da yake bi. Nan ƙasa bakin mahaifa. Wannan kuma ɗakin kansa."

Sai ta ja layi daga sama zuwa tsakiya.

"Naki ɗakin an haife ki da siririn bango a ciki. In ciki ya zauna a jikin bangon, jini ba ya isar masa, sai ya saki."

"Ba kekena na ɗinki ba ne? Ba ɗaukar ruwa ba ne?"

"Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Cire bangon ake yi, ta ƙasa ake bi, ba a ma tsaga ciki. Ba na yi miki alkawarin komai, amma ƙofa za ta buɗe."

Wilberth ya yi ta kallon zanen kamar an nuna masa aljanna. A mota ya raɗa mini, "Ashe haka kike da kyau har a ciki?" Na kai masa duka a cinya ina dariya ina hawaye.

Da muka dawo na cusa takardar cikin gwangwanin biskit inda muke tara zanen furannin da muke ɗinkawa a jikin hipil, fararen rigunanmu. Na ce nan ne ba wanda zai kula. Kaina ke nan, wani lokaci sai ka rantse ƙwarya ce.

Tun daga lokacin, in rana ta take na kwanta a ragata ta barci tana lilo da ni, mafarki ɗaya nake yi. Ga ni a wani gida ja mai ɗumi, ɗaki biyu. A ɗaya ɗakin akwai wata 'yar yarinya tana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsanta, tana 'yar waƙa. Ina jin ƙamshin kanta, amma ba ƙofa. Sai in farka in ji Mama a tsakar gida tana tafa tortiya, wainar masararmu, tas, tas, tas, daidai da ƙwanƙwasar.

Bayan faɗanmu da Wilberth kwana shida ban ba shi fuska ba. Na yanke a raina, in biki ya wuce bai yi magana ba, zan tafi ni kaɗai. Na kuma san in na tafi a haka, ba lallai in sake samun uwa a gidan nan ba.

Ranar biki da safe, ana ta harba wutar wasa a bakin coci, Mama ta kira ni ƙarƙashin bishiyar lemo.

"Zo nan, mai kumburin baki. Kwana shida kina hura hanci, yarona har ya rame."

"Ni ban yi masa komai ba, Mama."

"Na ji. Ungo, ki buɗe. Wata guda ina ɓoye miki shi."

Sabuwar hipil ce, fara tas. Na warware ta, sai na zauna a gabanta ina kallo.

A ƙirjin rigar, da jan zare da ruwan hoda, ga zanen Dakta Aké. Ga 'ya'yan goba biyu ta yi musu zaren zinariya. Ga hannuwa biyu sun miƙe, ta ƙara musu koren ganye. Ga ɗakin a tsakiya, ɗinki kan ɗinki, an ƙirga kowane gida na takardar.

"A gwangwani na gan shi," ta ce tana washe baki. "Na ce lallai yarinyar nan ta samo sabon yayi a birni tana yi mini rowa! Wane fure ne wannan? Shekarata sittin da bakwai ban taɓa ganin irinsa a daji ba."

Wilberth da ke tahowa da bokiti ya tsaya cak.

"Mama... ba fure ba ne."

"To mene ne, malam-buɗe-littafi?"

"Ni ce, Mama. Mahaifata ce. Likita ce ta zana."

Na jira tsawa. Sai ga Wilberth ya ajiye bokitin, ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya riƙe hannuna gam. Ya faɗi komai, tun daga ƙaryar zare har zuwa ranar ashirin ga wata.

"Ni na kai ta, Mama. In fushi za ki yi, da ni za ki yi. Amma ba zan iya sake haƙa ɗan kabari a lambu ba... ba zan iya ba."

Mama ba ta dube shi ba. Ta karɓi rigar ta shimfiɗa a cinyarta, ta rufe ido kamar yadda take yi da safe. Yatsunta suka fara bin zaren a hankali, daga ƙasa zuwa sama, su karkata hagu, su dawo dama.

"Ke ce?" ta ce can ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba. "Shekara arba'in ina riƙe ki a hannuna, ban taɓa ganin fuskarki ba. Ashe haka kike..."

Hawaye suka gangaro mata ba ta share ba.

Ni ma na sunkuya ina kallo, sai a lokacin na lura da wani abu.

"Mama, ina layin? Akwai layi a tsakiya."

"Wannan ɗan karan? Na ɗinka shi, na ga ya ɓata furen, ya raba shi biyu ba dalili. Na zata hannun mai zanen ne ya goce. Sai na sa bakin allura na warware shi."

"Shi ne bangon, Mama. Shi ke hana su zama."

Ta buɗe ido.

"Shi likitar take so ta cire?"

"Shi kaɗai."

"Sauran furen fa?"

"Ba za ta taɓa ba."

Ta daɗe tana shafa wurin da ta warware, inda 'yan ramukan allura suka rage. Can dandali makaɗa sun fara gwada ƙaho.

"Mireya ita kaɗai ta shiga," ta ce a ƙarshe. "Suka ce in jira a waje, ni kuma na jira kamar wawuya. Abin da ke cin raina ke nan, ba wuƙar ba." Ta ja hanci, ta nuna ɗanta da baki. "Kai kuma, sarkin tsoro, tashi ka samo mana kujera uku a motar safe. Zan je in ga idon matar nan. In hannunta na rawa, a ƙafa za mu dawo!"

Na faɗa jikinta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta rungume ni tana cewa in yi a hankali kar in ɓata mata aiki da majina.

Da rigar na yi rawa a dandali ranar. Mata suka yi ta tambaya wane fure ne, Mama tana ce musu na gidanmu ne, ba a ba da iri.

Da rigar kuma na je Mérida. Dakta Aké ta ga ƙirjina ta dafe baki, sannan ta bar Mama ta riƙe mini hannu har barci ya ɗauke ni.

Ba nan da nan abin ya zo ba. Sai da muka ƙara shekara biyu muna jira, Mama tana tausa, likita tana dubawa, su biyun suna gardama a kaina ta waya kamar tsofaffin ƙawaye.

Ranar da 'yata ta cika wata uku aka yi mata bikin ɗauka a ƙugu na al'adarmu. Ana zagaya tebur da ita, ana sa mata kayan aikin mace a hannu ɗaya bayan ɗaya. Mama ta ɗora mata zare da allura. Sai kuma ta laluba cikin rigarta ta zaro wani jan biro, ta naɗe 'yan yatsun a kansa.

"Riƙe duka biyun, Mireya," ta ce. "Kakarki da ɗaya kawai ta tashi."