Ƙaryar Takwas ga Wata

Babu laifin da na tsana irin na mutumin da gari ya ba amanar bakinsa, shi kuma ya ɗauki bakin nan ya yi wa son zuciyarsa aiki da shi. Vuai ya yi haka a garinmu Mwambeni, a kan idona, kuma ina so a ji yadda ta ƙare masa.

A shekarar ne kwamitin gari ya rufe duwatsun gabas na wata uku, inda matanmu ke zaƙulo pweza, dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, idan teku ta janye. An rufe ne don su yi girma. Wanda aka kama ya shiga, za a kira sunansa a lasifika, a hana shi kamu ranar buɗewa.

A taron ƙarƙashin mangwaro Riziki, 'yar Mzee Faki, ta miƙe ta ce tunda mata ne ke kamun, a sa wasunsu cikin masu gadin duwatsun. Aka nemi masu goyon baya. Cikin maza mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, Shaame mai sassaƙa kwalekwale, da gudumarsa a hannun, ya manta bai ajiye ba.

Da aka watse ta tsaya gabansa ta ce, "Goyon baya ka ba ni, ko kaina za ka fasa?"

Ya dubi gudumar, ya dube ta, ya sauke hannu. Daga ranar aka fara ganin Riziki tana bi ta wajen sassaƙa, alhali ba hanyar gidansu ba ce. Ita tana ce masa Mai Guduma, shi yana ce mata Watana. Ya taɓa rubuto mata a waya: "Watana, yau na buga ƙusa uku a karkace, duk laifinki ne." Ta amsa: "Ka miƙe su, Mai Guduma. Ba zan shiga jirgi mai yoyo ba."

Manyansa suka kai zannuwan kanga da alewar halwa na neman aure gidan Mzee Faki, aka karɓa.

Shi Vuai sakataren kwamiti ne. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci shi ke riƙe lasifikar kasuwar kifi yana karanta labaran gari: farashin kifi, ranar rigakafi, akuyar da ta ɓata. Ya yi boko, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Sau biyu ya nemi Riziki, sau biyu ta ce masa a'a.

Wata Juma'a, tsakanin labarin gyaran rijiya da na rigakafi, ya karanta cewa ranar sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, shi da idonsa ya ga Shaame yana tafiya da ƙafa a kan duwatsun da aka rufe, da sandar ƙarfe da buhu.

Gari ya ɗauka. Mata da suka yi wata biyu suna haƙuri da tukunya babu pweza suka fusata. Aka daina kai wa Shaame gyara. Ni ma, da furfurata, na wuce shi ban amsa sallamarsa ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Mzee Faki ya mayar da kanga a yinin, ya ce ba zai haɗa jini da wanda ya ci abincin gari a ɓoye ba.

Riziki ta rubuta wa Shaame: "Ka faɗa mini gaskiya. Ka shiga?"

Ya amsa: "Tunda har ke kika tambaya, Watana, Vuai ya gama da ni."

Wannan amsar ta hana ta cin abinci. Haushin kanta da ta ji ya fi wanda take ji na Vuai. Washegari ta je ta tsaya gaban kalandar da ke rataye a shagon mai shayi, wadda ke da kwanan ofis da kwanan watan Musulunci, ta bi da yatsa baya har ranar da aka faɗa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta koma gida.

Ranar yanke hukunci gari ya cika ƙarƙashin mangwaro. Vuai ya buɗe littafinsa ya sake karantawa, ya rantse. Riziki ta miƙe. Mahaifinta ya ce ta zauna kada ta ƙara masa kunya, ta ce, "Baba, tambaya ɗaya ce, in na yi ta ka yi mini duk hukuncin da ka so."

Ta tambayi Vuai ko ya tabbata da ranar. Ya ce a rubuce take. Da ƙafa ya gan shi, ba a kwalekwale ba? Ya ce da ƙafa, ruwa ko idon sawu bai kai ba.

Ta juya wajen mata. "Iyayena, a lissafin ganin wata, ranar nan takwas ga wata ce."

Sai guna-guni ya tashi. Duk matar da ta taɓa riƙe sandar kamu ta san bakwai da takwas da tara kwanakin mataccen ruwa ne. Teku ba ta janyewa, duwatsun gabas suna can ƙasa, ruwa ya shanye tsayin namiji. Vuai da ke lissafi da kalandar ofis bai taɓa ɗaga kai ya dubi wata ba.

Bi Mtumwa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a kamu, ta ce, "Ɗan nan, a kan ruwa ka ga yana tafiya? To ai waliyyi muka samu, a ba shi yarinyar mu sami albarka."

Vuai ya ce wataƙila washegari ce. Bi Mtumwa ta ce tara ma ruwan bai matsa ba, ya ƙara lalubo wata.

Mzee Faki ya tashi a gaban jama'a ya kama hannun Shaame, ya ce a dawo masa da kangarsa kafin la'asar. Shaame ya yafe wa kowa. Riziki ce kawai ya bari tana lallashi kwana uku, har ta rubuto: "Mai Guduma, in ba ka huce ba zan zo in karkata maka ƙusoshi da hannuna."

Mako guda bayan buɗe duwatsu aka ɗaura aure. An dafa pweza da ruwan kwakwa har maƙwabtan ƙauyuka suka ci suka ƙoshi. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai tsoron ƙarya.

Vuai kuwa, ga abin da ya rasa. An karɓe lasifika an ba Bi Mtumwa. An karɓe littafi da kujerar kwamiti. Ranar buɗewa an hana shi taka ruwa, ya tsaya a kan rairayi yana kallon buhunan mutane. Yarinyar da ya yi ƙaryar dominta ta wuce ta ƙofar gidansu da lalle a hannu. Kuma yau a Mwambeni, ko cewa ya yi an kira sallah, sai an leƙa an tabbatar.