Kan Mala'ikan Filasta

Da hantsi aka sanar da Sufeto Hamad cewa an sace kan mala'ika a wata kwalejin zane da ke Alƙahira.

Ɗakin da aka kai shi cike yake da fararen mutum-mutumi na filasta, waɗanda aka kwafo daga bangon tsofaffin majami'un Turai don ɗalibai su koyi zane. Hasken rana na zubowa ta tagogin sama, ƙura na lilo a cikinsa. Sufeton ya ji kamar ya shigo taron mutanen da barci ya kwashe a tsaye. A tsakiyarsu wani mala'ika ya buɗe fukafukai, ba kai.

Azara, ɗaliba 'yar Damagaram, ita ake zargi. Har an fara maganar korarta.

"Ke ce ƙarshen fita jiya?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Amma ko da na shigo babu kan. Fukafukan kawai na zana."

"Malaminku ya ga zanen?"

"Ustaz Rayan ya duba, ya ce murmushin ya fito tamam." Ta sunkuyar da kai. "Ni kuwa ban zana fuska ba."

Sufeton ya sami dattijon malamin a ofishinsa, yana fuskantar taga.

"Yaushe rabonka da kan?"

"Jiya da la'asar yana wuyansa. Da idona na gani."

Sufeton ya miƙa masa hannu bai ce komai ba. Hannun ya daɗe a iska, Ustaz Rayan bai karɓa ba. Ƙarƙashin farcensa duk farin garin filasta ne.

"Ustaz, tun yaushe ka daina gani?"

Dattijon ya nisa.

"Tun bara komai ya koma hazo. In suka sani za su sallame ni. Kan yana gidana a unguwar Darrasa. So nake in haddace fuskar da yatsuna, in ci gaba da koyarwa."

"Ka bari a kori yarinya?"

"Na ce gobe zan mayar," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Yalla, tashi mu je mu ɗauko shi," in ji Sufeton.

A bakin matakala dattijon ya tsaya, ƙafarsa na lalube. Azara ta dube shi jim kaɗan, sannan ta matso kusa.

"Matakala ce, Malam," ta ce. "Sauko a hankali."