Ranar da Firinta Ta Ƙi Aiki

Da hantsi Alhaji Tijjani ya shigo caji ofis yana huci, riƙe da wuyan rigar wani mutum. Alhajin yana da ofishin sayar da magungunan dabbobi a Mando. Mutumin da ya jawo kuwa Nazifi ne, wanda ya haɗa masa kwamfutoci da kyamarar tsaro.

"Allurar rigakafin kaji ake kwashe min a firji," in ji Alhaji. "Duk ranar da aka yi satar, kyamara ba ta ɗaukar komai. Wa ya san kanta in ba shi ba? A kai shi kotu!"

Insifekta Jibrin ya dubi Nazifi. Idanunsa sun yi ja, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Yallaɓai, in aka kai ni kotu, babu wanda zai sake ba ni makullin ofishinsa a garin nan. Sana'ata ta mutu ke nan."

Jibrin ba ya son laifin da ya zo da mai shi a hannu tun kafin a yi tambaya. Ya ɗauki hularsa, ya kira sajan ɗinsa, suka nufi Mando.

A ofishin ya fara da Balki, sakatariya.

"Kin lura da wani abu a ranakun da aka yi satar?"

"Ni dai abin da na sani, firinta ce ke ƙin aiki. Kwastoma na tsaye, ni ina ta latse-latse kamar mai tuƙa tuwo. Kowa ya ce Balki ce ba ta iya ba."

"Kullum take ƙi?"

"A'a. Sai in wuta ta ɗauke ta dawo. Shi ma ba kowane lokaci ba."

Jibrin ya juya ga Nazifi. "Me ya haɗa firinta da kyamara?"

Nazifi ya nuna wani farin akwati mai ƙyaftawa a bango. "Wannan rauta ce, yallaɓai. Duk na'urar da ta tashi sai ta roƙe ta lamba, kamar lambar gida, don 'yan'uwanta su san inda za su same ta. In ta karɓi baƙuwar lamba, tana nan a kunne amma babu mai ganinta."

"Wa zai ba ta baƙuwar lamba?"

Nazifi ya ce a hankali, "Sai dai in akwai wata rautar a gidan nan. In wuta ta dawo, wadda ta riga tashi ita ke rabon. Tawa kuwa tana da nauyin tashi."

Suka bi wayoyin da suka fito daga akwatin ɗaya bayan ɗaya. Ta firinta, ta kyamara, ta kwamfutar Balki. Sai ga wata baƙa wadda Nazifi ya rantse ba shi ya ja ta ba. Ta haura silin, ta sauko bayan durowa a ofishin manaja. A ƙarshenta ga wata 'yar ƙaramar rauta, an zare ta daga soket.

Manajan shi ne Aminu, ɗan ƙanwar Alhaji, mai fara'a da ƙamshin turare.

"Ka san wannan?" in ji Jibrin.

"Wallahi yau na fara ganinta. Ni da ko cajar waya sai Balki ta nemo min? Ku tambayi injiniya."

"Ofishinka ne fa."

"Kowa na shiga, yallaɓai. Kawu, ai ka san ba na kullewa."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Insifekta, yaron nan a hannuna ya tashi."

Jibrin ya daɗe yana juya 'yar rautar a tafin hannunsa. Abin da ke damunsa a aikin nan ke nan: mutum ya fi saurin yarda da laifin bare, don shi ne ba ya ciwo. Ya ja Nazifi gefe ya yi masa tambaya ɗaya. Amsar ta sa ya yi murmushi.

"Kowa ya kashe datarsa, ya kunna wayifai, ya ajiye waya a tebur," in ji shi. "Har kai, Alhaji."

Ya sa aka kashe babbar rautar, ya soka ƙaramar a soket da hannunsa.

"Tana da kalmar sirri," in ji Jibrin. "Wayar da ba ta taɓa shiga ba, za ta tsaya a ƙofa. Wadda ta santa kuwa, ba sai an yi mata iso ba."

Jibrin ya bi wayoyin da ido. Ta Alhaji ba ta motsa ba, haka ta Balki, haka ta Nazifi. A saman ta huɗun, 'yar alamar wayifai ta cika fal.

"La ilaha illallahu," in ji Balki. "Manaja!"

Aminu ya zauna daɓas a kujera. "Don intanet ya iso ofishina na sayo ta. Ranar farko na ga kyamara ta mutu, sai na gane. Daga nan in na kunna ta, sai in je in kashe wutar ofis in mayar, sannan in ɗebi allurar. Ban fasa komai ba, Kawu. A buɗe na tarar."

"Ranar farko ka tarar," in ji Jibrin. "Sauran ranakun kai ka buɗe. Kuma da safen nan kana kallo aka ja wuyan wani a madadinka."

Sajan ya ɗaura masa ankwa ya fita da shi.

Alhaji ya matsa kusa da Nazifi, ya sa hannu ya gyara masa wuyan rigar da ya yamutsa.

"Malam Nazifi, ka yafe ni."

"Ya wuce, Alhaji."

Nazifi ya zare baƙar wayar, ya kunna tasa rautar. Bayan ɗan lokaci hoton firji ya bayyana tar a allon kyamara.

Jibrin ya sa hularsa. "Koma bakin aikinka, Injiniya. Babu inda za a kai ka."