Jarrabawar da Ta Wanke Ladidi

Ranar Litinin da hantsi Hure ta shigo asibitin wata ƙungiyar agaji da ke Anka da gudu, ɗanta Abdullahi a kafaɗa yana sanƙarewa. Likita ya buɗe kwamfuta, ya ga an rubuta gubar dalma a jinin yaron huɗu ce kacal, wato lafiya lau. Aka sake ɗibar jini nan take, na'ura ta nuna tamanin da ɗaya.

Kafin azahar an gano ƙarin yara goma masu irin wannan matsala, dukansu daga unguwa ɗaya a Duza. An cire su daga jerin masu karɓar magani tun wata biyu da suka wuce. Kafin la'asar kuwa Ladidi, mai shigar da bayanai, tana bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Ilham Aminullahi ta iso daga Gummi washegari, ranta a ɓace. Aikinta shi ne gwada manhajar da ke adana bayanan asibitin. Idan aka ce manhaja ta yi ɓarna, ita ce ke rubuta 'yar jarrabawa da za ta sa ɓarnar ta sake faruwa a gaban idon kowa.

"Ranka ya daɗe, da wace hujja kuka rufe ta?" ta tambayi Sufeto Labbo, ko zama ba ta yi ba.

"Ita ka rubutawa, malama. In ba ita ba, wa?"

"Kun duba an goge wani abu?"

"Ni ɗan sanda ne, ba bokan kwamfuta ba."

Aka fito da Ladidi, idanunta sun kumbura. Ta ce wallahi saba'in da takwas ta shigar wa Abdullahi. Ta kuma ce a duba littafinta, domin ba ta taɓa yarda da na'ura ba, komai sai ta kwafa da biro. Aka ɗauko littafin. Lambobin yaran goma sha ɗaya duk suna nan, manya-manya.

"Tana iya sauyawa daga baya," in ji Labbo.

Ilham ta jawo kujera ta zauna. Ta buɗe kwamfutarta a kan teburinsa, ta ture kofin shayinsa gefe. Kundin manhajar ya nuna ba a goge komai ba, ba a kuma gyara komai ba. Sai da ta jera yaran ta ga abin da ya haɗa su: duk an haife su ranar ɗaya ga Janairu.

"Ladidi, wannan fa?"

"Uwayensu ba su riƙe rana ba. Sai su ce lokacin girbin gero, ko bayan Sallah. To mu ɗaya ga Janairu muke sa wa kowa."

Ilham ta rubuta jarrabawar, layi tara. Ta sa manhajar ta adana wani Abdullahi Sulaiman na Duza, ɗaya ga Janairu, dalma saba'in da takwas. Ta sake sa ta adana wani mai suna da gari da rana iri ɗaya, dalma huɗu. Ta ce a ƙirga su, su zama biyu. Ta danna. Allon ya yi ja: ɗaya.

"Ka gani? Manhajar ta ɗauka mutum ɗaya ne, sai sabon ya hau kan tsohon ya danne shi, ba ta rubuta ko'ina cewa ta yi hakan ba."

"To kuskuren na'ura ke nan."

"Kuskure ba ya zaɓen unguwa, Sufeto. Ba ya kuma sauko da lamba kullum daga sama zuwa ƙasa. Wani ya san ramin nan, ya tura yara ciki."

Mutum uku ne ke taɓa ƙananan kwamfutocin da ake fita da su ƙauye. Ladidi, sai Zuhura mai ɗibar jini, sai Abdulwahabu shugaban ma'aikatan fita. Sabbin bayanan da suka danne na yaran duk ranar Juma'a ɗaya aka shigar da su, tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Zuhura ta kawo takardar halartar bita a Bukkuyum, mako guda cur. Ladidi kuwa tana Adabka wajen suna, matan gida guda suka shaida.

Aka kira Abdulwahabu, ya shigo yana gyara hula.

"Ina kwamfutocin ke kwana ranar Juma'a?" in ji Ilham.

"Gidana. Ni ka da wutar hasken rana, ni ka yi musu caji."

"Ana ɗibar jini ranar Juma'a?"

"A'a."

"To jinin wa ka auna har ka samu huɗu, da uku, da biyar, sau goma sha ɗaya?"

Ya dubi Labbo. "Yallaɓai, wagga yarinya hwa..."

"Amsa mata!" Labbo ya buga tebur.

Abdulwahabu ya sunkuyar da kai. Labbo ne ya ƙarasa, don ya san Duza gida-gida: yayan Abdulwahabu yana da injin niƙa dutsen zinariya a cikin gida, a tsakiyar unguwar nan. Da lambobin sun isa hannun masu duba muhalli, da an rufe injin.

"Na ce za shi fitar da injin daji kahin damina," Abdulwahabu ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ban zaci ɗiyan za su kwanta ba."

Ilham ta miƙe. "Wata biyu suna shaƙar ƙurar nan ba magani, kai kana sallah kana cin tuwo. Ɗan Hure ko Inna bai iya cewa yanzu!"

Labbo ya kira kurtu ya tafi da shi, sannan ya juya ga Ladidi yana sosa ƙeya, ya ce ta yi haƙuri, ta tafi gida ta huta.

"Gida?" Ladidi ta fizgi littafinta daga teburin. "Saura yara goma a Duza ba magani, Sufeto. Ka ba ni mai babur yanzu."