Dalmar da Ta Sha Jinin Ɓauna

Magariba ta kawo jiki, Zeinabou tana tsaye tana tuƙa tuwon shinkafa a ɗan kicin ɗinsu da ke saman wani dogon bene kusa da titin Liuhua Lu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Mijinta Shitu bai dawo daga kasuwar Baima ba, inda yake sarin kaya yana aikawa Kano. 'Yarsu Fasuma tana kwance a falo tana kallon masu tsere a talabijin, don a shekarar ba abin da ake nunawa sai wasannin Olamfik.

Sai ji ta yi ƙwal! a kan murfin tukunya. Ta duba, ta ga wani ɗan abu baƙi mai nauyi yana gangarawa. Taga a rufe take. Kafin ta sunkuya wani ya sake faɗowa, wani ya bi shi. Ta ɗauki ɗaya, ta ji shi da ɗumi. Ba tsakuwa ba ce, dalma ce.

"Fasuma, ke ce?"

Ta nufi falo. Da ta leƙa, yarinyar tana durƙushe bisa gwiwoyi da hannuwa, kanta a sunkuye, tana wani gurnani mai kauri wanda ƙirjin yaro ba ya fitarwa. Zeinabou ta saki muciya, ta yi salati.

Tun daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Rana na faɗuwa dalma za ta fara zuba, Fasuma ta durƙusa. Ta daina ci, ta daina magana, ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Asibiti sun auna ta sun ce lafiyarta ƙalau. Tsohuwar da ke ƙasansu ta hau tana bubbuga ƙofa tana sababi saboda ƙarar, Shitu ya yi ta ba ta haƙuri. Shi kuwa tsoro ya cika masa ciki, kuma ya san dalili, amma ya ja bakinsa ya tsuke. Wallahi wani shirun mugunta ne, ko da mai shi bai nufa ba.

Uban Shitu, Maidaji, tsohon maharbi ne da ke zuba harsashinsa da kansa: ya narka dalma, ya zuba a mazubi, ya auna albarushi. Zuwan Shitu gida na ƙarshe ya ga harbin tsohon yana ta kaucewa, har wata ɓauna ta kusa tsire shi. Shitu ya ɗora laifin a kan tsohon mazubin, wai ba ya fitar da harsashi daidai da bakin bindigar. Sai ga wani harsashi guda ya tafi sak, ya kayar da wata ƙatuwar ɓauna nan take. A al'adar maharbansu, dalmar da aka ciro daga jikin ɓauna, a inda ta faɗi ake binne ta, rabon masu daji ce. Maidaji ya ajiye ta zai binne da safe. Shitu ya zura ta a aljihu bai faɗa wa kowa ba, ya kawo ta Guangzhou, wani maƙeri ya auna ta ya yi masa sabon mazubi daidai girmanta.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Zeinabou ta ce, "Baban Fasuma, in ba za ka kira Malam Tankari ba, ni zan fita in kira shi."

Malam Tankari mutumin Maraɗi ne, shi ke jan 'yan kasuwa salla. Ya zo ana gab da kiran magariba, ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu a hankali. Dalma ta yi ta zuba kewaye da shi, ko ɗaga kai bai yi ba. Can Fasuma ta ɗago, ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Makiyayi ne ni. Ɓaunar tawa ce. Kakan yarinyar nan ya yi sallama kafin ya harba, na yafe masa. Amma dalmar da ta sha jinin ɓaunar tawa ce, inda take nan nake. Tambayi wancan da ke raɓe a bakin ƙofa."

Zeinabou ta juya ta dubi mijinta. Shitu ya durƙushe, ya ciro dunƙulen dalmar daga aljihu.

"A yanka mini baƙin bunsuru," in ji muryar.

Malam ya ce, "Ba mu yanka don wanin Allah. Faɗi wata."

Malam ya ci gaba da karatu. Da muryar ta dawo, ta yi sanyi.

"To a mai da ni gida. Garin nan ba kuka, ba tsamiya, ƙara dare da rana. Na gaji. Wanda ya ɗauko ni shi zai kai ni. Zan saki yarinyar yanzu, amma bakinta yana hannuna sai dalma ta shiga ƙasa."

Fasuma ta sulale ta yi barci.

Kowa ya san a lokacin wanda ya fita, samun bizar dawowa sai an dace. Shitu bai tsaya wannan lissafin ba, ya bar kayansa a hannun abokai ya kama hanya.

Ya iske bindigar Maidaji a rataye ta yi ƙura. Ashe tun tafiyarsa tsohon yake fita kullum yana tona ƙasa tsakanin gida da daji, yana zaton shi ya yar da amanar masu daji. Shitu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tare suka je wurin da ɓaunar ta faɗi. Maidaji ya yi sallama, ya tona rami da yatsunsa, ya sa dalmar ya rufe. Ba su kai bakin hanya ba wayar Shitu ta yi ƙara. Zeinabou ce tana kuka, a bayanta wata 'yar siririyar murya tana cewa a zuba mata tuwo.

Shitu ya share ido, ya ciro sabon mazubin ya miƙa wa ubansa. "Baba, saboda wannan na ɗauka. Don harbinka ya daina kaucewa."

Maidaji ya jujjuya shi, ya yaba aikin, ya mayar masa. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama a gaban ɗansa. Yatsun suna rawa.

"Da ka tambaye ni, Shitu. Mazubina lafiyarsa lau."