Shekarun Keken Abba

Ranar da ta fara shigowa shagonsa na gyaran keke, keken da ta turo ya fara kallo kafin ya kalli mai shi, kuma har yau ba ta yafe masa wannan ba. Ƙaramin keke ne irin na tsalle, BMX, mai gajeren firam, wato gangar jikinsa, da faffaɗan kai, an lafta masa jan fenti har kan notuna.

"Malam, ni ce na yi sallama, ba keken ba."

Sai a lokacin mai gyaran ya ɗago. Sufana ake ce masa a layin, don ko ɗaurin aure zai je da sufanarsa ta kwance noti a aljihu. Ya ga budurwa da tabarau da murmushin tsokana, ya rasa inda zai ɓoye hannuwansa masu giris.

Ta ce Auta ake kiranta a gida. Keken na Abbanta ne tun yana yaro, ya ɓace lokacin da suka yi ƙaura. Abban yanzu idonsa ya tafi, kuma kullum labarin keken ne a bakinsa. Ɗan gwaggonta, wanda ke neman aurenta, shi ya tono shi a kasuwar tsofaffin kaya, ya rantse shi ne. So take a gyara shi ya koma yadda yake a wani tsohon hoto da ta zo da shi.

Gyaran da bai kai ya kawo ba, sai ga shi ya ci makonni. Yau a ce sarƙa ba ta zo ba, gobe sirdi. Ita ma ba ta taɓa ƙorafi ba, kujerar roba take ja ta zauna tana miƙa masa kayan aiki.

"Injiniyana, ka ci abinci kuwa, ko yau ma giris ka lasa?" ta rubuto masa a waya wata rana.

"Gimbiya, tun da kika tafi na ɗaure noti ɗaya sau uku. Ki dawo ki ceci aikin mutane."

Ummanta dai da ta ji labarin soyayyarsu cewa ta yi ba da ita ba. Ga ɗan uwa mai ofis da mota, sai a ɗauko mata mai baƙin farce?

Ran nan ya kifa keken, ya goge fentin ƙarƙashin firam da sanfefa, wurin da sandar feda ke ratsawa. A nan kamfani ke buga lamba, kuma farkon lambar kan nuna shekarar ƙira. Ya karanta, ya sake gogewa, ya sake karantawa. Sannan ya ɗauko hoton. A hoton, birkin baya a noti ɗaya yake rataye. Wannan kuwa ƙafafu biyu aka yi wa walda a jikin firam don riƙe birki, salon da bai fito ba sai bayan Abba ya zama saurayi. Wanda ake nema ya girmi wannan keken da kusan shekara goma.

Ya ajiye hoton. Da yamma ya nuna mata komai, a hankali.

Ta ɗago ta dube shi. "Kishi ne ko? Don ɗan gwaggona ne ya samo?"

"Wallahi da zan iya mai da shi na gaske, da na yi, ko da shi za a gode wa."

Ta share ido da bakin gyale. "Na riga na gaya wa Abba. Kafin in kawo maka na kai masa ya shafa, ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin idonsa ya tafi. Ka mai da fentin, ka yi shiru. In kana sona ka yi shiru."

Ya mai da fentin. Shirun ne ya dame shi. Ya san ba mugunta take nufi ba, shi ma kuma ba ya son ya zama wanda zai ƙwace wa makaho dariyarsa. Amma ya tsani aikin hannunsa a karo na farko.

Ranar da ya kai keken gida, Abba ya ce a shigo da shi falo. Umma na gefe ta haɗe rai, Auta na tsaye bakin ƙofa. Tsohon ya bi firam ɗin da yatsu tun daga kai har taya.

"Yaro, an ce ka san kekuna. Shekarar wannan nawa?"

Sufana ya dubi Auta. Idonta roƙonsa yake. Ya san in ya faɗa, Umma za ta ce ɓata ɗan uwa ya zo yi, Auta kuma ƙila ba za ta sake ɗaga wayarsa ba.

"Baba, ka gafarce ni. Keke ne mai kyau, na gyara shi iyakar iyawata. Amma ba naka ba ne. Lokacin da aka ƙera shi ka wuce hawan irinsa."

Umma ta tafa hannu. "Kun ji ko! Ai na faɗa."

"Bari, Hajiya," in ji Abba. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. "Auta, zo nan. Tun ranar farko na sani. Nawa na taɓa karya shi a tsalle, maƙeri ya yi masa wani mummunan ɗinki a wuya, wanda ko fenti nawa aka shafa sai hannu ya ji shi. Na shafa ban ji ba."

"To Abba, me ya sa ka yi dariya?"

"Muryarki na rawa don murna, ta yaya zan ce ba shi ba ne? Ke kina lallaɓa ni, ni ina lallaɓa ki." Ya nisa. "Tun da idona ya tafi kowa abin da zan ji daɗi yake gaya min, kamar hankalina ma ya bi idon. Yau dai an yi min magana irin ta mutane."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Na sa ka a tsaka mai wuya, Injiniyana. Ka yafe min."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Ki dai roƙar min Umma."

Umma ta ɗauki lokaci kafin ta sauko, amma ta sauko, da sharaɗin ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya zo gaishe ta. Ɗan gwaggo ya yi fushinsa ya huce, don shi ma a kasuwa aka ruɗe shi.

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, Abba ya ce a fito masa da keken tsakar gida. Ya tattare babbar rigarsa, ya lalubi sirdi ya hau, gwiwoyinsa har suna taɓa kan keken.

"Alhaji, za ka karye!" in ji Umma.

"Angon nan zai riƙe ni. In akwai rami a gaba, na san zai faɗa min."

Sufana ya kama sirdin da hannu biyu, amarya na biye da su tana dariya da hawaye. Tsohon ya taka feda a hankali.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "To, ɗan saki kaɗan mana."